Girkawa da Rumawa: Ina Ruwanmu da Su?

Yau za mu yi magana a kan wata irin lacca da manyan makarantu ke yi, wadda ƙofarta a buɗe take ga kowa.

A birnin Paris akwai wata makaranta da ake kira Kwalejin Faransa. Sarki Faransuwa na ɗaya ya kafa ta a 1530, kuma harshen Girka na cikin abubuwan da aka fara koyarwa a can. Ba a biyan kuɗi, ba a yin jarrabawa. Kowa ya zo ya zauna ya saurara. Yanzu ma ana sa laccocin a intanet kyauta. A nan kusa da mu, Jami'ar Badun ta Najeriya, wadda aka buɗe a 1948, tana da sashe na karatun Girkawa da Rumawa.

Wani zai ce, to, ina ruwan manomin Gidigir da mutanen da suka shuɗe tun shekaru 2,000? Ku dubi allonku. Amsa tana nan a kai.

Baƙaƙen da kuke koyo sun yi doguwar tafiya. Mutanen Finisiya, a bakin tekun Lubnan ta yau, su suka yaɗa su. Wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka karɓa, suka ƙara wasula. Daga nan baƙaƙen suka shiga Italiya, Rumawa suka gyara su. Su ne A, B, C ɗin nan namu. Girkawa na cewa alfa, beta. Larabawa na cewa alif, ba. Kun ji sun yi kama? Ai tushensu ɗaya ne, ajami da boko dangin juna ne.

Da baƙaƙen suka iso ƙasar Hausa, ba su isa ba. Sai aka yi wa wasu lanƙwasa, aka sami ɓ, ɗ, ƙ. A 1966 masana suka taru a Bamako don daidaita rubutun harsunanmu, har da Hausa. Kun ga mu ma mun sa hannunmu a ciki.

Sunayen watanni ma na Rumawa ne. Yuli sunan Yuliyas Kaisar ne, Agusta kuwa sunan Sarki Agustas.

Malamanmu na zaure su ma sun sha daga wannan rijiya. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an mai da littattafan Girkawa da yawa cikin Larabci. Hunainu ɗan Ishaƙa ya fassara na likitan nan Jalinusu. Shehu Abdurrahman, mai littafin Ahalari da kuka sani, ya rubuta wani littafi na manɗiƙi mai suna Sullamu. Shi kuwa manɗiƙi, wato ilmin kafa hujja, Aristo mutumin Girka ne ya fara tsara shi.

Ilmi kamar kanwa yake. Daga Manga take fitowa, ta biyo kasuwa, hannu zuwa hannu, har Kano. Wanda ya saya ya jiƙa wa dabbobinsa, tasa ce. Saboda haka in wani ya ce muku ku bar aji, wai boko kayan baƙi ne, ku ba shi wannan labari. Wanda ya bar aji, shi zai ci gaba da kai wasiƙarsa wani ya karanta masa asirinsa. Gemu ba ya hana ilmi.

Ga aikin wannan mako: kowa ya rubuta sunayen watanni 12 a littafinsa, ya ja layi ƙarƙashin biyun nan masu sunan mutane, ya nuna wa malaminsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.