Damina Da A-kori-kura: Yadda Ake Gane Danshi Ya Shiga Kwayil

Jama'a, idan damina ta kankama, musamman lokacin marka a watan Agusta, direbobin a-kori-kura sukan sha wahala. Mota ta kwana lafiya lau, amma da asuba ta ƙi tashi. Ko kuwa ta tashi tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ga kaya an loda tun dare, ga kasuwa tana ci yau. Buhun masara zai iya jiran wani mako, amma kwandon tumatir ba ya jira.

Da yawa daga cikin direbobi, da zarar haka ta faru, sai su ce kwayil ya mutu. Su aika yaron mota birni ya sayo sabo. Alhali sau da yawa kwayil lafiyarsa ƙalau, danshi ne kawai ya same shi. Wani lokaci kuma kwayil ɗin ya mutu da gaske, amma ruwan da ya kashe shi yana nan yana ɗiga, zai kuma kashe sabon.

Wannan bayani na motar fetur ne. Mota mai shan man gas ba ta da kwayil, ba ta da fulogi mai tartsatsi.

Mene ne aikin kwayil?

Batirin mota yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12. Wannan wuta ba ta isa ta kunna fetur ba. Kwayil shi ne yake ɗaga ta har ta kai bolt 20,000 ko fiye. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu, ɗaya mai kauri, ɗaya siririya kamar gashi wadda aka naɗa sau dubbai. Daga nan wutar takan tafi fulogi. A bakin fulogi akwai ɗan tsakani na kimanin milimita 1 a yawancin motoci. Wutar takan tsallake wannan tsakani ta yi tartsatsi, fetur ya kama, inji ya juya.

To, wutar lantarki halinta ɗaya da ruwan sama a gona. Inda ta sami hanya mai sauƙi, nan take bi. Idan bayan kwayil ya jiƙe, ga kuma ƙura da maiƙo a kai, sai wutar ta bi ta jikin wannan dauɗa ta zille zuwa ƙarfen inji. Fulogi ya zauna babu tartsatsi. Ƙurar da ta taru tun hunturu ita ce take shan danshin damina ta riƙe shi.

Motoci iri biyu ne a hanyoyinmu. Akwai tsofaffi, kamar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Su kwayil ɗaya gare su, mai kama da gwangwani. Yana tura wuta zuwa distiributa, wato abin da ke raba wuta ga fulogai ta wayoyi masu kauri. Akwai kuma na baya-bayan nan, kamar Toyota Hilux mai shan fetur ƙirar 2005 zuwa yau. Su kowane fulogi da kwayil nasa a kansa, an cusa shi cikin rami mai zurfi a saman inji. A tsohuwar mota, idan danshi ya kama kwayil ko distiributa, inji duka yakan mutu. A sabuwa, silinda ɗaya ce takan daina aiki, sai mota ta riƙa ɗingishi.

Alamomin danshi

Babbar alama ita ce lokaci. Ka tambayi kanka: yaushe motar take wannan hali? Idan da sassafe ne bayan ruwan dare, ko bayan ka ratsa kududdufi, ko bayan an wanke inji, to ka zargi danshi. Idan kuma ta yi zafi na minti 10 ko 15 ta daidaita da kanta, zargi ya ƙara ƙarfi, domin zafin inji ya busar da wurin. Kwayil da ya lalace daga ciki shi akasin haka yakan yi. Da sanyi yana aiki, sai ya ɗauki zafi ya fara yankewa.

Za ka ji mota tana fizga idan ka taka mai a hawa da kaya. Za ka ji warin ɗanyen fetur daga salansa. Mai kuma zai riƙa ƙarewa da wuri. A sabuwar mota wata fitila mai hoton inji takan kama a gaban direba. Idan fitilar tana ƙiftawa, kada ka ci gaba da tafiya mai nisa. Fetur da bai ƙone ba yana shiga matatar hayaƙi da ke jikin salansa ya ƙona ta, kuma kuɗinta ya ninka na kwayil sau da yawa.

Yadda za ka duba

Ka kashe mota, ka zare makulli, ka bari inji ya huce. A tsohuwar mota, ka ɓalle murfin distiributa ka leƙa cikinsa. Sau da yawa za ka ga ɗigon ruwa kamar na murfin tukunya. Ba lallai ruwan sama ne ya shiga ba. Inji mai zafi idan ya huce da dare, iska mai laima takan zama raɓa a ciki. Ka goge da tsumma mai tsabta, busasshe. Sannan ka kai murfin wurin haske ka dube shi da kyau. Idan ka ga siririn layi baƙi kamar an ja da fensir, wannan sawun wuta ne. Ta riga ta ƙona wa kanta hanya, kuma gogewa ba ta fitar da shi. Sai an sake murfin. Ka duba bakin kwayil inda babbar waya take shiga. Tsaga, ko tsatsa, ko kore-kore a kan ƙarfen, duk alamar ruwa ya daɗe a wurin ne.

A sabuwar mota, ka cire soket ɗin kwayil, ka kwance ƙaramin notinsa, ka zaro shi a hankali. Ka dubi doguwar robar da ke ƙasansa. Ta jiƙe? Ta tsage? Ta yi tauri? Ka haska ramin da tocila. A nan ne ake yin kuskure mai tsada: kada ka kwance fulogi alhali akwai ruwa a ramin, domin ruwan zai gangara cikin silinda. Ka fara tsotse shi da tsumma a kan siririn kara, sannan ka hura iska. Famfon keke ya isa, ko iskar mai faci.

Abin da ka tarar a ramin shi zai gaya maka inda ɓarnar take. Ruwa fari ko mai laka daga waje ya zo. Ka duba robar bonet da magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, domin ganye da ƙaiƙayi sukan toshe ta, ruwa ya malalo kan inji. Ruwa mai launin kore ko ja na lagireto ne, wata tiyo tana yoyo a kusa. Idan kuwa baƙin mai ne, to gasket ɗin murfin saman inji ya gaji. Mai yana kumbura roba ya lalata ta, don haka ko ka sa sabon kwayil, in ba a sake gasket ba, za ka dawo.

Idan ba ka ga komai ba, akwai gwajin feshi. Da dare, a fili inda iska take kaɗawa, ka tada mota ka bar ta a sulo. Ka sami kwalbar feshi da ruwa mai tsabta. Ka fesa kaɗan-kaɗan, kamar hazo, a kan waya ɗaya, ka dakata, sannan ta gaba. Inda inji ya yi tuntuɓe, ko ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, ko ka ji ƙas-ƙas, nan wuta take zillewa. Ka naɗe hannun riga, ka nisanci fanka da fanbel. Kada ka taɓa wayar fulogi inji yana aiki. Wanda ta taɓa fizga ba ya bukatar a sake gaya masa.

Ga mai sabuwar mota akwai wani gwaji da ba ya cin ko kwabo, wato musanya. Rewaya mai na'urar karanta laifin mota zai gaya maka silindar da ke ɗingishi. Lamba P0301 tana nufin silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har zuwa ƙarshe. Bayan an busar da komai, a ɗauki kwayil na silinda mai laifi a kai wata, a kawo na can nan. Idan laifin ya bi kwayil, shi ne ya mutu, kuma shi kaɗai za ka saya. Idan laifin ya tsaya a wurinsa, a duba fulogi ko hanyar mai. Duk mai gyaran da ya ce a sake kwayil huɗu gaba ɗaya bai yi wannan gwaji ba, ka nemi ya yi a gabanka.

Wajen busarwa, rana da iska sun isa. Akwai maganin feshi mai korar ruwa, irin su WD-40, yana taimakawa a kan hanya, amma ba ya ɗinke tsaga. Kada a wanke kwayil da fetur, kada kuma a gasa shi da wutar kara. Kafin a mayar, a shafa ɗan man silikon a cikin bakin robar. Giris na taya bai dace ba, yana cin roba. A kuma duba fulogi. Wanda bakinsa ya cinye ya buɗe da yawa yana tilasta wa kwayil ƙara ƙarfi, wutar kuwa sai ta nemi wata mafita.

Masu wankin mota su ma a ja musu kunne. Kada su ɗora bakin famfo mai ƙarfi a kan inji. A rufe distiributa da leda kafin wanki, a cire ta bayan an gama.

Akwai abu guda da ya fi danshin kwayil haɗari. Idan mota ta mutu a tsakiyar rafi, ruwa ya kai bonet, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya, kada kuma a tura ta don ta tashi. Mai yiwuwa inji ya shaƙi ruwa ta hanyar iska. Ruwa ba ya matsuwa, don haka sandar fistin takan lanƙwashe. A jawo motar zuwa tudu, a buɗe gidan matatar iska a gani ko ta jiƙe. Idan ta jiƙe, makanike ya kwance fulogai duka, ya juya inji ruwan ya fita, a kuma sake baƙin mai kafin a tada ta.