Tsohon liyari a Makwar: a kai shi a tantance ko a sayar da shi yadda yake?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wanda ya bar gida a ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu yakan tafi ne da abin da zai shiga aljihu. A cikin irin wannan kaya akwai liyari, tsohon kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda mata suka daɗe suna ratayawa a wuya. Tun kafin Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa Maiurno kusa da Makwar, bayan yaƙin Burmi na 1903, liyari yana yawo tsakanin ƙasar Hausa, Sudan, Habasha da Hijaz.

Idan buƙata ta kai ga sayarwa, sai 'yan uwa da ke ƙetare su ce kada a yi gaggawa, a aika a tantance tukuna.

Tantancewar da suke nufi sana'a ce ta Amurka. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, na 1987, suna duba tsabar kuɗi, su tabbatar ba na jabu ba ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 70, sannan su rufe shi cikin ƙaramin akwatin roba da ba ya buɗuwa sai an fasa. Haka ake yi wa tsofaffin katunan 'yan wasa: a 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952, mai maki 9.5, kan dala miliyan 12.6. Irin wannan labari ne ke sa mutum ya yi wa abin da ke cikin adakar kakarsa wani kallo.

Sai dai liyari ba haka yake ba. Shekarar 1780 da ke jikinsa ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana, daga baya har a Landan, Faris, Rum da Bombay. Miliyoyi ne a duniya. Na wuyan kaka yana iya zama bai girmi madatsar ruwan Sinnar ta 1925 ba. Darajarsa tana cikin azurfarsa: nauyinsa giram 28 da 'yan kai, giram 23.4 daga ciki azurfa ce tsantsa. Kuɗin tantancewa da na aikawa da inshora suna iya cinye farashinsa, balle wanda aka huda ko aka lanƙaya masa kunne don sarƙa, wanda ba a ba shi cikakken maki. Ma'aunin maƙerin azurfa ya wadatar. Na gaske yana da rubutu a bakinsa, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi.

Inda magana ta sauya ita ce kuɗin Mahadiyya, waɗanda aka buga a Omdurman zamanin Halifa Abdullahi, daga 1885 zuwa 1898. Azurfarsu ta yi ta raguwa har wasu suka koma kusan tagulla zalla, don haka maƙeri zai yi musu tayin wulaƙanci. Masu tara kayan tarihi kuwa shekara suke dubawa, da irin bugun, da yadda rubutun ya fito. A nan shaidar kamfani tana iya ƙara farashi, domin mai saye a Alƙahira ko Landan ba zai riƙe kuɗin a hannu kafin ya biya ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne goge kuɗin da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Masu tantancewa suna gane gogagge da wuri, su rubuta hakan a jikin akwatin, farashi ya faɗi.