Lauyoyin Da Ke Tsaya Wa Namun Daji A Gaban Alƙali

A shekarar 1973 wani masanin kifaye na Jami'ar Tenesi da ke Amurka, David Etnier, ya gano wani ɗan kifi a kogin Little Tennessee wanda masana ba su taɓa sanin irinsa ba. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, abincinsa kuwa ƙananan dodon koɗi. A lokacin ana gina madatsar ruwa ta Tellico a kan kogin. Shi kuwa kifin sai a ruwa mai gudu bisa tsakuwa yake hayayyafa. Da zarar kogin ya koma tafki, laka za ta binne tsakuwar.

Masani na iya bayyana wannan haɗari, amma ba shi da ikon tsayar da gini. A nan ne aikin lauya ya shigo. Wani ɗalibin shari'a, Hiram Hill, da malaminsa Zygmunt Plater suka kai ƙara, suna dogaro da dokar 1973 mai kare halittun da ke gab da ƙarewa. A 1978 alƙalai 6 daga cikin 9 na Kotun Ƙoli suka yanke cewa a dakatar da aikin, ko da yake ya kusa kammaluwa. Sai dai a 1979 majalisa ta keɓe madatsar daga dokar, aka ƙarasa ta. An yi sa'a an riga an kai kifin wasu koguna, daga baya kuma aka same shi a wasu wurare, har a 2022 aka cire shi daga jerin halittun da ke cikin haɗari.

Irin wannan aiki ya zama sana'a a ƙungiyoyin sa-kai waɗanda ba riba suke nema ba. Fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasar Amurka mallakar gwamnatin tarayya ne, wato na jama'a, kuma masu katako da masu haƙar ma'adinai da makiyaya kowa na da buƙata a ciki. Ƙungiyar Earthjustice, wadda ta samo asali a 1971, lauyoyinta ba sa karɓar ko kwabo daga waɗanda suke wakilta, gudummawar jama'a ke biyan albashinsu.

Ba kullum ake zuwa kotu ba. Yawancin lokacin lauyan yana ƙarewa ne wajen nazarin rahotannin illar da wani aiki zai yi wa muhalli, da rubuta ƙorafi ga hukumomi, da shirya masana su ba da shaida. Idan bai fahimci yadda ake ƙidayar dabbobi ko dalilin raguwarsu ba, lauyan ɗaya ɓangaren zai kayar da shaidarsa cikin sauƙi.

A Amurka sai mutum ya gama digirin farko kafin ya yi shekara 3 yana karatun lauya, saboda haka wanda ya karanta ilmin halittu ƙofa a buɗe take gare shi. Albashin bai kai na lauyoyin manyan kamfanoni ba, shari'a ɗaya kuma takan ci shekaru. Amma ɗalibin da ke son kimiyya, ga shi kuma gwanin muhawara, ya sani cewa akwai aikin da ke buƙatar duka biyun.