Me Ya Sa Magani Guda Ya Ke da Farashi Biyu?

Wanda duk ya saba zuwa kemis a nan Keffi ya san mai shago ya kan ce, “Mai tsada ka ke so, ko mai araha?” Alal misali, Panadol da farasitamol. Da yawa cikinmu suna zaton mai arahar jabu ne. Sau da yawa ba haka ba ne. Farasitamol shi ne sunan yanka na maganin, Panadol kuwa sunan da kamfani guda ya laƙaba wa nasa. Sinadarin da ke aiki a cikinsu ɗaya ne.

To, yaushe kowane kamfani ke da ikon yin magani? In kamfani ya gano sabon magani, hukuma ta kan ba shi takardar mallaka, watau shi kaɗai zai yi, ya sayar yadda ya ga dama, har wa'adi ya cika. Hujjar kamfanoni ita ce bincike na cin kuɗi, dole su mai da abin da suka kashe. In wa'adi ya ƙare, sai wasu su shigo, a yi gasa, farashi ya faɗi.

Da can kowace ƙasa da tata doka. Indiya, a dokarta ta 1970, ta ba da mallakar hanyar haɗa magani kawai, ban da shi kansa maganin. Don haka masana'antunta suka riƙa bin wata hanya daban suna fitar da magani iri ɗaya da araha. Amma a 1994 ƙasashe suka taru a Marrakesh ta Maroko, suka sa hannu a yarjejeniyar da a ke kira TRIPS, ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta tun 1995. Yarjejeniyar ta tilasta a ba sabon magani kariya ta aƙalla shekara 20. Indiya ma sai da ta gyara dokarta a 2005.

Cutar ƙanjamau ita ta nuna wa duniya nauyin wannan al'amari. A shekarar 2000 maganin mutum ɗaya na shekara ya kan ci fiye da dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da irinsa a kan dala 350. A shekarar nan kuma kamfanoni 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu ƙara saboda dokarta ta neman magani mai araha suka janye. A watan Nuwamba aka taru a Doha ta ƙasar Katar, aka tabbatar cewa yarjejeniyar ba ta hana ƙasa kare lafiyar mutanenta ba. In bukata ta taso, gwamnati na iya ba wani izinin yin maganin ko da mai shi bai yarda ba, amma a biya shi ladan da ya dace.

Mu ma mun ci moriya. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara raba maganin ƙanjamau da ta sayo daga Indiya, daga 2006 kuwa aka mai da shi kyauta a asibitocin gwamnati. Da farashi bai karye ba, da kaɗan ne za su samu.

Amma kada mu ɗora dukkan tsada a kan yarjejeniya. Yawancin magungunan da mu ke sha kullum wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. Abin da ke damunmu shi ne daga waje a ke shigo da mafi yawansu, da dala a ke biya. Shi ya sa da darajar naira ta faɗi a 2023 farashi ya tashi ko'ina.

Ku ɗalibai, gobe ku ne malamai, a ƙauyuka da yawa kuwa malami a ke kawo wa takardar asibiti ya karanta. Ku koya wa mutane su nemi magani da sunansa na yanka, su duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, su kuma shawarci likita ko mai haɗa magani kafin su sake wani da wani. Mutum nawa ne ya bar magani rabi don kuɗi sun ƙare, alhali akwai irinsa da aljihunsa zai ɗauka? Allah ya ba mu lafiya, amin.