Shin Ko Kun San? Sau Nawa Mai Warkewa Daga Waswasi Zai Wanke Hannu?

Shin ko kun san akwai mutanen da ke wanke hannu sau 50, wasu har sau 100, a wuni guda? Ƙwarai kuwa! Har fata ta tsattsage, jini ya tsattsafo, amma da sun ajiye buta sai zuciya ta ce a sake. Cuta ce mai suna. Mu waswasi muke ce mata, likitoci kuma OCD. Tana kama kusan mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa. Ku auna da ranar kasuwar garin Kaoje da ke jihar Kebbi: a wannan lissafi, duk taron mutum dubu zai iya ɗauke da ashirin da suka san wannan azaba, kowa ya yi shiru da tasa.

Kun san inda likitoci suka ja layi? Awa ɗaya. In tunanin ƙazanta da wanke-wanken da ke bin sa suna cinye wa mutum fiye da awa ɗaya kullum, ko suna hana shi sana'a da zaman gida, to an wuce tsafta. Ga lissafi mai sauƙi. Wanki 10 na sakan 20 bai cika minti 4 ba. Wanki 50 na minti 3 kuwa, awa biyu da rabi ke nan! Kullum! Banda kuɗin sabulu, banda jarkokin ruwan da aka sha wahala kafin a kawo su gida.

To, ga tambayar da masu samun sauƙi ke yawan yi, kuma tana ba ni tausayi: "Likita, mutane sau nawa suke wankewa?" Shekaru sun yi suna bin umarnin fargaba, har sun manta yadda sauran jama'a ke yi.

Shin akwai amsa da lamba? Akwai! Farfesa Edna Foa da abokan aikinta a Filadelfiya ta Amurka, waɗanda suka shahara a maganin wannan cuta, sun tsara wa masu gama jinya ƙa'ida. Wanke hannu kada ya wuce sau 5 a rana. Kowanne kada ya wuce sakan 30. Wanka ɗaya, minti 10. Yaushe? Kafin cin abinci, bayan fitowa daga bayan gida, da kuma in an taɓa maiƙo ko dauɗar da ido ke gani. Shi ke nan fa!

Amma ku dakata. Ba kowa ne biyar ɗin nan za ta ishe shi ba a ƙasar Bagudo, inda Kaoje take. Mai tatsar nono dole ta wanke kafin ta kama hantsar saniya, ta sake bayan ta gama. Wanda ya kwashe kashin shanu a garke zai wanke. Mai gyaran kifin Kogin Kwara a Lolo zai wanke. Mahauci, mai tuwo-tuwo, uwar da ta wanke wa jariri kashi, manomin shinkafa da ya fito daga laka, duk da hujjarsu. Wani zai kai takwas, wani goma sha, kuma lafiyarsa ƙalau. Abin da ake dubawa ɗaya ne: me ya sa ka ɗauki butar? In za ka iya nuna dalilin da yatsa, wanke sau ɗaya ka tashi. In dalilin shi ne "ji nake kamar", to waswasi ne ke magana.

Kada wani ya ɗauka ana raina wanke hannu. Ina! A 2021 kwalara ta yi ɓarna a Najeriya: sama da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. Wanke hannu da sabulu na rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kun san abin mamaki? Wani nazari na 2014 ya ƙiyasta cewa mutum 19 kacal cikin 100 a duniya ke wanke hannu da sabulu bayan sun kewaya. Goma sha tara! Galibin duniya wankinta ya yi kaɗan, shi ya sa aka ware 15 ga Oktoba tun 2008 don tunatarwa. Mai waswasi na jin wannan shela a rediyo sai ya zaci da shi ake. Ba da shi ake ba.

Sakan 20 fa? Shi ne tsawon cuɗawar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba jama'a. Tafi, baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, a ɗauraye, a busar. Ko ma'aikatan asibiti, Hukumar Lafiya ta Duniya sakan 40 zuwa 60 ta ba su tun daga jiƙa hannu har busarwa. Mai taɓa majinyata ke nan, minti ɗaya bai wuce ba!

Ruwan zafi? Bai fi na randa ba. Zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta sai ya fara ƙona hannun. Sabulu mai tsada da aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta? A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a irin waɗannan sabulai, saboda masu yin su sun kasa nuna sun fi sabulun yau da kullum. Ɗan sabulun kanti ya wadatar. Omo, bilic da kananzir kuwa ba na fata ba ne, a nisanta su da hannu.

Ku riƙe numfashi. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kolorado sun duba tafin hannun ɗalibai. Tafi ɗaya na ɗauke da kusan nau'i 150 na ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Hannun dama da na hagu na mutum guda ma, kashi 17 cikin 100 kawai suka yi tarayya a kai! Kuma ɗaliban na yawonsu lafiya. Akasarin waɗannan halittu mazauna ne, tare muke rayuwa. Babu wankin da zai ƙarar da su, ko an wuni a bakin rijiya.

Ga wanda ya fi ba ni mamaki. Hannun da aka wanke fiye da kima na iya tara ƙwayoyin cuta fiye da lafiyayyen hannu! An ga haka a hannun ma'aikatan jinya da fatarsu ta lalace. Sabulu na kwashe maiƙon fata, fata ta bushe ta tsage, tsagar ta zama maɓoya. A hunturu abin ya ninka. Man kaɗanya bayan wanki na taimakawa sosai.

Alwala fa, tana cikin lissafin? A'a, ita da nata babin. Kuma malamanmu sun daɗe da sanin wannan ciwo. Shin ko kun san littafin Ahalari, da yara ke biyawa a zauruka daga Kaoje har Gwandu, ya keɓe mai waswasi da hukunci nasa? Wanda ya yi shakka ko alwalarsa ta warware zai sake, amma mai waswasi an ɗauke masa. Malaman Malikiyya sun yi bayani: wanda shakka ke zuwar masa kullum, ko da sau ɗaya ne a rana, ya yi watsi da ita ya ci gaba. Ahalarin nan littafin ƙarni na 16 ne fa! Wanke gaɓa kuma iyakarsa uku, ƙari abin ƙi ne. Ruwan alwalar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mudu ɗaya ne na wancan zamani, wato cikin tafi biyu. Bai kai lita ɗaya ba. Kaɗan ya ɗara ledar fiya wata!

Mu ƙara komawa baya. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan waswasi a matsayin ciwon rai mai magani, ya ba da shawarar guje wa kaɗaici da zaman banza. Ibn Ƙudama, da ya rasu a 1223, littafi guda ya rubuta a kan masu waswasi. Shekara ɗari takwas ke nan!

Me ya sa maimaitawa ba ta kawo natsuwa? A 2003 masu bincike a Holan sun sa mutane masu lafiya su yi ta duba murhun gas a kwamfuta, su kunna, su kashe, su sake dubawa. Bayan sun maimaita sau da yawa, sai amincewarsu da abin da suka tuna ta ragu! Sun kashe daidai, amma sun daina yarda da kansu. Haka wanki yake. Na biyu na sa a yi shakkar na farko, na goma ya bar mutum cikin duhu.

Kuma mugun tunanin da ke faɗowa zuciya ba na masu cutar ba ne kaɗai. Wani bincike na 2014 a ƙasashe 13 ya tarar kusan 94 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna samun tunanin da ba su gayyata ba. Kusan kowa ke nan! Sauran mutane na barinsa ya wuce. Mai waswasi ne ke tsayawa ya biya shi da ruwa da sabulu.

To, yaya ake warkewa? A 1966 wani masani a Landan, Victor Meyer, ya gwada abin da ya zama babban magani har yau. A taɓa abin da ake ƙyama, a hana wankin. Ana farawa da mai sauƙi: mariƙin ƙofa, tsohuwar takardar naira, gaisawa da hannu bayan sallar Juma'a. Gaba ya faɗi, gumi ya karyo. A jira. Sai fargabar ta fara sauka da kanta, ba ɗigon ruwa! Gobe a sake, ta zo da rauni fiye da jiya. Galibi zama 12 zuwa 20 ake yi da ƙwararre. A tsakiyar jinya ma wasu likitoci kan rage wankin ya yi ƙasa da na kowa na ɗan lokaci, kafin a dawo daidai. Wannan mataki da likita ake yin sa, musamman da damina in amai da gudawa na gari.

Dabara ɗaya na fi so a yaɗa: a ajiye buta kafin zuciya ta ce ya isa. Mai waswasi da ke jiran ya ji hannunsa ya tsarkaka zai daɗe a tsugune. Sakan 20 sun cika? Tashi, ko da rai bai kwanta ba.

'Yan gida, ku ma da naku aikin. Shin kun san ɗebo ƙarin ruwa da amsa "Inna, kin tabbata na wanke?" sau goma na ƙara wa ciwon ƙarfi? Tausayi ne ke sa a yi, amma masana sun ga yana jinkirta warkewa. A amsa sau ɗaya cikin taushi. Ba gori, ba duka, ba kiran mutum mahaukaci. Cutar kan fara a ƙuruciya ko wajen shekara 20, tana kuma iya tasowa mace da ciki ko cikin jego, don haka a sa ido a kan 'yan makaranta da masu jego.

Akwai ƙwayoyin magani ma, irin su fluoxetine da sertraline, amma suna son haƙuri. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu sosai, kuma likita ne ke rubutawa, kada a saya a kemis da ka. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, wannan kam abin takaici ne. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Daga Kaoje, a fara da asibitin da ke kusa a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Sakkwato. Kafin tafiya, a yi mako guda ana rubuta abu uku a takarda: sau nawa aka wanke, minti nawa, kuma me aka taɓa. Likita zai tambaya.