Shirin Tafiya da Ƙaramin Jirgi Zuwa Filayen Daji na Idaho

A tsakiyar jihar Idaho ta ƙasar Amurka akwai wani makeken daji mai tsaunuka da kwazazzabai, faɗinsa ya haura eka miliyan 2. Majalisar dokokin ƙasar ta keɓe shi a 1980, aka kuma sa masa sunan Sanata Frank Church a 1984. Dokar kare dazuzzuka ta 1964 ta hana shiga irin wannan wuri da mota ko babur, amma dokar 1980 ta bar filayen saukar jirgi da aka riga aka saba amfani da su. Wasu daga cikinsu hukumar gandun daji ce ta share su tun wajen shekarun 1930 domin kai masu kashe gobara da kayan aikinsu, wasu kuma masu kiwo da mahaƙan ma'adinai ne suka buɗe. Shi ya sa har yau ƙaramin jirgi ne hanya mafi sauƙi ta isa inda mai tafiya a ƙasa zai yi kwanaki bai kai ba.

Waɗannan filaye ba su da kwalta, ba su da fitilu, ba su da hasumiyar da ke ba jirage umarni. Ciyawa ce ko tsakuwa, a gefen kogi ko a kafaɗar dutse. Sun kuma sha bamban da juna. Na Johnson Creek, da ke wajen iyakar dajin kusa da ƙauyen Yellow Pine, shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ce mai tsawon ƙafa 3,400 wadda hukumar jiragen sama ta jihar ke kula da ita, har da wurin kafa tanti. Soldier Bar kuwa gajere ne, mai lanƙwasa da tudu da gangara, Mile Hi kuma ya fi shi tsanani. Jiragen da aka fi gani a yankin su ne Cessna 180 da 182 da 185 da 206, da Piper Super Cub, da Maule, da Husky, galibi da manyan tayoyi masu jure duwatsu.

Babban lissafin da matuƙi zai yi tun yana gida shi ne na tashi. Jirgi yakan sauka a filin da ba zai iya tashi daga cikinsa ba, kuma dalilin yana cikin kaurin iska. Duk sa'ad da aka yi sama, ko rana ta yi zafi, iska takan rage kauri, sai fiffike ya rasa abin dogara, farfela ta rasa abin kamawa, inji kuma ya rasa abin shaƙa. Ma'aunin da matuƙa suka amince da shi ya ɗauki zafin digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Ke nan a Johnson Creek, wanda ke kusan ƙafa 5,000 sama da teku, wato ya ɗara garin Jos, zafin da aka ƙaddara digiri 5 ne. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka tamkar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Idan da rana zafi ya kai digiri 30, jirgi zai yi aiki kamar yana ƙafa 8,000. Injin da ba shi da na'urar matsa iska yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, don haka kusan rubu'in ƙarfinsa ya tafi tun bai motsa ba. Filin bai ragu ba, bishiyoyin da ke ƙarshensa ba su gajarce ba, amma jirgin zai yi doguwar gudu kafin ya bar ƙasa, ya kuma hau sama a hankali.

Wannan ne ya sa tafiyar daji ta zama ta sammako. Gogaggun matuƙa sukan tashi da sanyin safiya, su so a ce kafin hantsi ya dubi ludayi sun sauka sun ɗaure jirgi. Bayan zafi, rana tana kawo iska mai kaɗawa a cikin kwari da guguwa mai jefa jirgi sama da ƙasa. Wanda ya makara, abin da ya fi masa shi ne ya jira yamma ko ya kwana, saboda haka tun farko ba a ɗora irin wannan tafiya a kan matsattsen lokaci.

Nauyi shi ne abin da matuƙi ke da iko a kansa. Galan ɗaya na man jirgi fam 6 ne, kuma ba a sayar da mai a cikin dajin, sai a garuruwan da ke kewaye irin su McCall da Cascade da Salmon da Challis. Mai yawa nauyi ne, mai kaɗan kasada ce. Doka ta nemi man tafiyar minti 30 ya rage a tanki bayan isa, idan da rana ne, amma masu hankali kan ƙara, domin filin da aka nufa yana iya kasancewa a rufe da hazo ko hayaƙi. Littafin jirgi yana ba da tsawon gudun tashi, sai dai alƙalumansa na sabon jirgi ne a hannun ƙwararre, don haka ana yi musu ƙari mai yawa. Busasshiyar ciyawa kaɗai tana ƙara gudun Cessna 172 da kashi 15 cikin 100, doguwa ko jiƙaƙƙiya kuwa ta fi haka. Idan lissafi bai fita ba, sai a rage kaya ko a yi sawu biyu. Akwai kuma ƙa'idar da ake yawan koyarwa: a sa alama a tsakiyar fili, in jirgi ya iso nan bai kai kashi 70 cikin 100 na saurin tashi ba, a taka birki.

Yawancin filayen hanya ɗaya gare su. Ana sauka ana fuskantar tudu, a tashi ana bin gangara, ko da iska ba ta so haka ba, domin ɗaya ɓangaren dutse ne ya tare. A filin birni, matuƙin da saukarsa ba ta yi kyau ba yakan ƙara wuta ya zagayo. A nan akwai wurin da in an wuce shi babu zagayowa, dole a sauka, kuma wajibi ne a san wannan wuri kafin a shiga. A wasu filayen ma ba a ganin titin sai an karya kwanar ƙarshe ta kogi. Cikin kwari ana bin gefen dama, domin a bar wa mai tahowa hanya, a kuma sami sararin juyawa. Tsauni kuwa ba a tunkararsa kai tsaye, ana karkacewa da kusurwar digiri 45, saboda in iska ta danno jirgi ƙasa a iya kaucewa cikin sauƙi.

Labarin yanayi yana da wuyar samu, tunda tashoshin auna shi suna can bakin daji. Matuƙa kan haɗa hasashen hukuma da hotunan kyamarorin da aka kafa a wasu filaye da kuma bakin waɗanda suka je kwanan nan. Bayan narkewar ƙanƙara ƙasa takan yi laushi har taya ta nutse. A Yuli da Agusta gobarar daji kan cika kwari da hayaƙi, hukuma kuma ta rufe sararin wasu wurare domin jiragen kashe wuta. Kafin sauka ana shawagi a kan fili a duba ramuka, da itacen da ya faɗi, da namun daji masu kiwo a kai, sannan a dubi jakar iska mai nuna inda iska ke kaɗawa.

Da yake babu hasumiya, matuƙa su ke tsare junansu. Kowa yana kan mita 122.9, yana faɗin inda yake da tsayinsa da inda ya dosa. Duwatsu suna tare muryar rediyo, wayar hannu kuma ba ta aiki, don haka ana barin tsarin tafiya a hannun wani a gida, da lokacin da zai nemi agaji in bai ji labari ba. Na'urar neman ceto ya kamata ta zama mai mita 406, domin tun 1 ga Fabrairu 2009 taurarin ɗan'adam suka daina sauraron tsohuwar mita 121.5. Ana ɗaukar ruwa, da abinci, da rigar sanyi, da kayan taimakon farko, da igiya da turaku na ɗaure jirgi. Ƙananan kayan ceto a jiki ake sa su, saboda wanda ya fito daga jirgi a gaggauce ba ya tsayawa neman jaka.

Dajin ba na matuƙa kaɗai ba ne. Akwai masu tafiya a ƙasa da masu bin Kogin Salmon a kwale-kwale, waɗanda ƙarar inji ke damu, kuma an daɗe ana muhawara kan ko a rufe wasu ƙananan filaye. Ƙungiyoyin matuƙa suna yin aikin gayya na yanke ciyawa da cike ramuka, suna kuma jan kunnen mambobinsu da su daina sauka da tashi barkatai, su kwashe shararsu. Sabon shiga, komai yawan sa'o'insa a sama, ana ba shi shawarar ya fara da malami wanda ya san yankin, kuma akwai masu koyar da tuƙin tsauni a McCall. Daga nan sai ya soma da filaye masu faɗi irin su Johnson Creek, ya bar su Soldier Bar sai ya iya ajiye tayoyinsa daidai inda ya nufa a kowace sauka.