Gwandu da Kalgo: ziyara ko tsaraba

Baƙon da ya sauka Birnin Kebbi da yini ɗaya kacal a hannunsa, yana son ya ba idonsa abinci kuma ya koma gida da tsaraba, dole ya zaɓi hanya. Gabas akwai Gwandu, kudu akwai Kalgo, kuma kowanne da irin abin da yake bayarwa.

Gwandu garin ziyara ne. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka da jama'arsa a 1805, lokacin da yaƙi ya fi tsanani, nan kuma ƙaninsa Malam Abdullahi ya riƙe yammacin daula. Hubbaren Malam Abdullahi yana cikin garin. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ana karanta tafsirinsa Liya'ut Tawili, in ya tsaya gaban kabarin mai littafin, ba ya buƙatar wani ya yi masa dogon bayani. Har Turawa sun ratso garin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso a 1853, zamanin Sarki Halilu. Sarkin bai yarda ya gan shi ba, amma a Gwandun ne ya sami Tarihus Sudan, littafin tarihin Songai da Tumbutu, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Bai kuma tafi ba sai da ya yabi albasar garin, abin da ba zai ba mutanen wannan yanki mamaki ba.

Sai dai sarautar ta daɗe da tashi. Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune, can fada take, can ake hawan salla, can baƙi ke kwana. Mai ziyara yakan zo, ya yi addu'a, ya ba da sadaka, ya koma mota kafin la'asar. Kuɗin aljihunsa da shi suke komawa.

Kalgo ba ta da hubbaren da za ta nuna, hanya gare ta. Ta nan motoci ke rabuwa, wasu su nufi Jega, wasu su bi ta Bunza zuwa Kamba a bakin iyakar Nijar. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha. Ɗalibai da direbobi da masu jinya kullum cikin saye suke, shi ya sa bakin titi ba ya rabo da mai tsire da mai kankana. Mai neman shinkafar gida ko busasshen kifi zai samu, in kuma buhu-buhu yake so, ya ƙarasa kasuwar Jega.

A wasu biranen ba a raba wa baƙo hankali haka. A Atina, babban birnin Girka, mutum yakan hau dutsen Akropolis ya ga ginin da ya haura shekara 2,400, yana saukowa ya faɗa kasuwar Monastiraki a gindin dutsen. Ba sai an je nesa ba ma: a Kano, daga Gidan Makama zuwa kasuwar Kurmi da ƙafa ake zuwa. A Kebbi kuwa, garin da ya jawo baƙon daban, garin da ya ci kuɗinsa daban.

Ni dai in aka ce in zaɓa, Gwandu zan nufa, don shinkafa da kifi ko a kasuwar Birnin Kebbi na same su. Abin da nake so in tarar a ƙofar hubbaren shi ne rumfa mai bugaggun littattafan Malam Abdullahi, da fassararsu ta Hausa, da yaron gari wanda aka koya wa tarihin, a biya shi ya zagaya da baƙo.